Malamin da Ba a Ce Masa Ya Shigo Ba

Tashi daga Kano

Ana kiran assalatu muka fito daga gida, ni da yayana Sabi'u, wata Asabar a tsakiyar damina. Maigidana ba ya gari, shi ya roƙi Yaya ya raka ni. Yaya Sabi'u atamfa yake sayarwa, kuma tun ranar da na sami digiri na uku bai sake kirana Rabi ba sai Dakta, yana jan kalmar kamar mai tallan maganin basir.

Ga abin da ya fitar da ni. Ban daɗe da karɓar riƙon shugabancin sashen tarihi a jami'ar da nake koyarwa ba, sai shugaban tsangayarmu ya kira ni ofishinsa. Ya ce wani malaminmu, Malam Iliyasu, wanda muke kira Malam Ilu, ba a ga ƙeyarsa ba duk tsawon zangon karatu. Ana so in rubuta, kafin a tashi aiki ranar Litinin, cewa ya gudu ya bar aiki. "Layi biyu ne kawai, Dakta," in ji shi. Layi biyun nan kuwa kora ce, babu fansho babu sallama, ga mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban allo. Shi ne ya koyar da ni a shekarata ta farko.

Kowa a sashenmu ya san labarinsa. A shekarun tsuke bakin aljihu ya gama kundinsa na digiri na uku, aka sa ranar da zai kare shi. Al'adar wannan zama ita ce, idan malamai biyar sun gama yi wa ɗalibi tambayoyi, sai a ce ya fita ya tsaya a bakin ƙofa su yi shawara. Ba ya zama, ba ya ƙwanƙwasawa, sai shugaban sashe ya sa a kira shi a faɗa masa sakamako. Malam Ilu ya amsa tambayoyinsa, ya fita, aka rufe ƙofa. Yana nan tsaye sai zanga-zangar ɗalibai ta ɓarke a kan tsadar rayuwa, aka fara harba barkonon tsohuwa. Malaman nan biyar suka fice ta ƙofar baya, kowa ya yi ta kansa, aka manta da shi. Sai dab da magariba wani mai gadi ya same shi a tsaye, idanu jajur, ya kore shi.

Aka rufe jami'a wata da watanni. Kafin a buɗe, wanda ya duba masa kundin ya tafi ƙasar waje neman abin da zai riƙe iyalinsa, baƙon farfesan da aka gayyato ya koma garinsu ya rasu, ba wanda ya rubuta abin da aka yanke. Duk shugaban da aka yi sai ya ce za a duba. Malam Ilu ya ci gaba da koyarwa shekara goma sha wani abu, kuma ko a taron sashe ba ya zama, a bakin ƙofa yake tsayawa. Mu yara muna ganin abin dariya ne.

Farfesan da ya duba nawa kundin yana da doka ɗaya da ya azabtar da ni da ita: ba a rubuta abin da ba a je tushensa ba. Sau nawa ya mayar da ni ƙauye saboda jimla ɗaya. Da na ɗauki alƙalami don in rubuta layi biyun nan, hannuna ya ƙi. Shi ne na ce bari in je in ga Malam Ilu da idona.

A tashar Kabuga muka yi sallah, muka shiga bas. Shekarar ce aka fara shari'a, mata a baya maza a gaba, don haka Yaya ya bar ni tsakanin wata mai kaji da wata mai goyo. Mun wuce shingen 'yan sanda lafiya, sai a gaba wasu samari 'yan sa-kai suka leƙo suna duba zama. Ɗaya ya tambayi wanda nake tare da shi.

"Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya," in ji Yaya daga gaba. "Dubi hancinmu mana, ai ba a sayensa a kasuwa."

Saurayin ya yi dariya ya sake mu.

Kabo

Da hantsi muka isa Kabo, inda iyalin Malam Ilu suke. Matarsa, Malama Saude, ta tarbe mu da kunu da ƙosai. Muka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi yara, aka tambayi damina, ita ba ta ambace shi ba, ni ma na kasa. A tabarma muka zauna, domin falon babu kujera ko ɗaya. Ga dai sawun ƙafafunsu a kan siminti, na kujeru biyar, a jere.

Daga ƙarshe na ce, "Malama, Malam fa?"

Ta dubi wani ɗaki da ke fuskantarmu. Babu ƙyaure a jikinsa, labule kawai, ga ramukan ƙusoshi a jikin katako.

"Malama Rabi, abin a hankali ya fara," in ji ta. "Sai ya dawo daga masallaci ya tsaya a ƙofar ɗakinsa, ba zai shiga ba sai na ce masa bismillah. Na ɗauka wasa ne. Ana nan sai ya ce ba ni ce zan kira shi ba. An yi rubutu, an yi tofi, an je asibiti. Likita ya ce ya huta. Ran nan na dawo daga unguwa na tarar ya cire ƙyauren, ya kwashe kujeru, ya ɗauki farar rigar da ya sa ranar jarrabawar nan tasa."

"Ya yi miki magana?"

"Ya ce a nan hayaniyar yara ta yi yawa, ko an kira ba zai ji ba."

Ta ce yana wani ƙauye bayan Getso, inda aka haife shi, amma mu fara biyawa ta wurin yayarsa a Gwarzo. Da za mu fita ta riƙo gefen mayafina. "Korarsa za ku yi?" Na ce ban sani ba tukuna. Gaskiya na faɗa mata, amma na ji kunyar kaina har muka kai bakin titi.

Gwarzo

Motar Gwarzo ba ta cika ba sai bayan azahar. A hanya hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak. Dawa da gero sun yi tsawo sun rufe hanya dama da hagu, ba ka ganin gida ba ka ganin mutum, sai ka ce a cikin rami ake tafiya. Muna sauka ruwa ya kece, ya hana mu wucewa ranar.

Yayar Malam Ilu, Hajiya Kande, tsohuwa ce mai faɗa da kirki. Mijinta yana da makarantar Islamiyya a zauren gidan, can Yaya ya kwana, ni kuwa a ɗakinta. Ta yi mana tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya, tana zuba mini tana yi mini faɗa kamar ni ce jami'ar gaba ɗaya.

"Ku 'yan boko ba ku da ta-ido. Mu nan ko da almuru baƙo ya yi sallama sai an amsa masa. Ku kun tsayar da mutum a ƙofa kun tafi harkarku, har gemunsa ya yi fari."

Na ce, "Hajiya, lokacin ina ɗaliba."

"To yanzu fa?"

Na sunkuyar da kai na ci gaba da cin tuwo.

Ta ce duk Juma'a Malam Ilu yakan shigo Gwarzo, ya ba da rigar a wanke a sa mata bula, ya yi sallah ya koma. Hankalinsa ƙalau a kan komai, yana tambayar kuɗin taki, yana gyara wa jikokinta karatu. Abu ɗaya ne kawai. Duk sanda zai tafi sai ya juyo ya ce, "Yaya, ba wanda ya zo kira?"

"Gobe idan kin je," in ji ta, ta rage murya ko da yake mu biyu ne a ɗakin, "ki yi addu'a kafin ki taka ginin nan da ya tare a cikinsa. Masu gona a wurin sun daina barin yaransu su bi ta gefensa."

"Saboda Malam?"

"Ilu ba ya cutar da ko ƙuda. Saboda waɗanda yake jira."

Bayan Getso

Da sassafe muka sami akori-kura mai kai taki Getso. Direban ya ba ni gaba, Yaya ya hau kan buhuna yana mita. Da na faɗi inda za mu, direban ya dube ni ta gefen ido.

"Wurin mai jira za ku? Hajiya, zan kai ku bakin burtali, daga nan ƙafa ce. Idan na sauke kaya zan dawo in tsaya muku a nan, amma ba na shiga."

Muka bi burtali cikin gero da ya fi mu tsawo. Ƙasa a jiƙe, ba motsin iska, ko kukan tsuntsu babu. Yaya da ba ya rufe baki ya koma jan carbi. Can sai ga ginin. Makarantar sakandare ce aka fara ginawa kafin tattalin arziki ya karye, aka watsar. Dogon jerin azuzuwa, babu tagogi, babu ƙofofi, rufin duk ya tafi sai na aji ɗaya a ƙarshe. Wannan ajin ne kaɗai mai ƙyaure, kore, irin na gida, an toshe tagoginsa da zana.

A gabansa Malam Ilu yake tsaye. Rigar fara sol, hula a daidaice, kundinsa a rungume a ƙirji. Ya rame. Inda yake tsayawa ciyawa ta mutu, ƙasar ta lotsa daidai tafin ƙafa biyu.

Na yi sallama, na durƙusa. "Malam, ina kwana? Rabi ce."

Ya dube ni, ya gane ni sarai. "Rabi. Ya mutanen gida? Sassauta murya, suna shawara."

Na kasa kunne, ban ji komai ba.

Yaya ya matso ya gaishe shi, ya ce a hankali, "Malam, ai yanzu ita ce shugabar sashenku."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya haka ba. Ya miƙe sosai, ya gyara wuyan riga, ya ja da baya daga ƙofar, ya sunkuyar da kai. Mutumin da ya koya mini yadda ake riƙe littafi.

"Ranki ya daɗe," in ji shi. "Ashe ke suke jira, shi ya sa aka daɗe."

Ya tura mini ƙyauren. Yaya ya girgiza mini kai, amma ƙafata ta riga ta shiga. Na yi bismillah, Malam Ilu ya ja ƙofar daga waje ya rufe.

Ɗakin a share yake tas. Ga tebur, ga kujeru biyar a bayansa, ga guda ta itace a gabansa, ta ɗalibi. A gaban kowace kujera akwai kofin ruwa. Huɗu ruwansu ya yi rabi, na tsakiya ne kawai cike. Na tsaya ina kallon kofunan nan ina gaya wa kaina zafi ne, ko ɓera, ko tsuntsu. Kujerun huɗu an ɗan ja su baya, sun karkata suna fuskantar juna, yadda mutane suke yi idan magana ta yi nisa. Ta tsakiya tana manne da tebur. Ita ce ta shugaba. Na ja ta na zauna.

Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Amma da na ɗan zauna sai wani abu ya danne tsoron. Ta ƙasan ƙyauren ina hango inuwar ƙafafunsa biyu, ba sa motsi. Na san wannan tsayuwar. Bara-bara na yi ta, ina jin kamar duk shekarun da na yi ina karatu an ɗora su a kan sikeli a bayan katako. Tawa ba ta kai a sha shayi ba, amma har yau ina mafarkinta. Kuma na tuna wanda ya buɗe mini. Ba masinja aka aiko ba, shugaban sashe ne da kansa, da sandarsa, ya taso ya ce, "Rabi, shigo."

Ba wanda ya taɓa koya mana shugabanci a aji. An dai yayyaga mana babi a gaban jama'a har muka koyi jin gyara ba kuka, an sa mu karanta aikin wani har ƙarshe kafin mu buɗe baki, an mayar da mu tushe, an tsayar da mu a ƙofa. Ina zaton ana tsayar da mu ne don ranar da muka koma ciki mu tuna akwai mutum a waje. Shugabanni nawa aka yi kafin ni, duk sun yi tsayuwar nan, duk sun manta.

Hanya biyu masu sauƙi suna gabana. In koma Kano in rubuta layi biyu, ga hujja na gani da idona. Ko in buɗe in ce masa, "Barka, Dakta," ya yi murna, kowa ya huta. Wallahi na so in yi ta biyun. Amma ƙarya ce, ba ni da ikon ba da digiri, kuma mutumin nan ba yaro ba ne da za a rarrashe shi da alewa. Bai yi wannan jiran don a yaudare shi ba.

Ban san iya zaman da na yi ba. Hasken da ke shigowa ta hujin kwano ya dai tashi daga ƙafar tebur ya hau kansa. Na miƙe na buɗe ƙofa.

"Malam Iliyasu, bismillah, shigo."

Sai da ya dafa bango. Ya cire takalmi, ya shigo, ya russuna wa kujerun ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunayen masu su, har da mamatan. Sannan ya tsaya a gabana.

Na ce, "Malam, babu kowa a ɗakin nan sai ni. Waɗancan sun tafi tun ranar, ta ƙofar baya. Ba su yanke komai ba, ba su rubuta komai ba. An manta da kai ne, kuma laifin sashenmu ne, ba naka ba. Yau ba ni da sakamakon da zan ba ka. Abin da zan iya shi ne in nemi a sake zama, a saurare ka daga farko, kuma ba zan bari ba sai an yi."

Hawaye suka gangaro cikin gemunsa.

"Ba faɗuwa na yi ba ke nan?"

"Ba wanda ya ce ka faɗi."

Ya gyaɗa kai, ya gyara riƙon kundin, ya juya wajen ƙofa. "To, in fita in jira?"

"A'a, Malam. Zauna."

Ya dubi kujerar itacen nan kamar bai san amfaninta ba. Sannan ya zauna a hankali, ya ɗora kundin a cinya, ya sauke wani numfashi da ban taɓa jin irinsa ba. Na miƙa masa cikakken kofin nan ya shanye.

Komowa

Bayan azahar ya yarda zai bi mu. Shi da Yaya suka cire ƙyauren suka ɗauko. Na ce a kwaso kujerun, na Malama Saude ne.

"A bar musu," in ji shi, ko waiwaye bai yi ba. "Ba su gama ba."

Ban sake ambaton kujeru ba. Direban akori-kura yana bakin burtali kamar yadda ya ce. Da ya ga wanda ke tare da mu sai ya sauko ya durƙusa, ya kai mu har Gwarzo. Hajiya Kande ta fashe da kuka, ta dama mana fura, ta yi mini faɗa a kan ban ci komai ba tun safe. Daga nan muka sauke Malam Ilu da ƙyaurensa a Kabo da la'asar sakaliya. Ya tsaya a ƙofar gida, na zaci jiran kira zai yi, sai na ga ashe takalmi yake kakkaɓewa. Ya yi sallama ya shige.

Sai da muka sauka a Kabuga muna jiran tasi Yaya ya yi magana, kuma bai ce Dakta ba.

"Rabi, da su wa kike gardama a cikin ɗakin nan?"

"Ni? Ban buɗe baki ba sai da na buɗe ƙofa."

"Na ji muryoyin maza. Ƙasa-ƙasa, kamar ana musu. Da kika ja kujera suka yi shiru, can suka ci gaba." Ya share fuska. "Malam ma ya ji, har ya ce mini wancan mai tarin shi ne baƙon farfesa."

Na ce ƙila kwano ne yake ƙara saboda rana. Ya ce ƙila. Ba mu sake tayar da maganar ba har yau. Ana kiran isha muka shiga gida, na tarar yara sun ƙona shinkafa.

Ranar Litinin na gaya wa shugaban tsangaya ba zan rubuta layi biyunsa ba, mutum ba shi da lafiya kuma mu muka jawo. Ransa ya ɓaci, ya ce daga hawa kujera na fara taurin kai. Aka ba Malam Ilu hutun jinya. Maganar sake zama kuwa ta ci fiye da shekara, na yi yawon ofis-ofis har masu gadi suka san takuna.

Ranar da aka yi zaman, ya zo da farar rigarsa, ya amsa tambayoyi har baƙon farfesan da muka gayyato ya ajiye alƙalami yana sauraro. Da aka gama, sakatare ya ce masa, kamar yadda aka saba, ya fita ya jira. Na ga ya rungume kundin zai miƙe. Sai na miƙe na ce wa malaman, "Ku taso, mu za mu fita." Suka dube ni kamar na zautu, amma suka taso, har da tsohon shugabanmu mai sanda. Muka bar shi a zaune, mu biyar muka tsaya a baranda muka yi shawararmu. Ba mu daɗe ba, tsayuwa ba daɗi. Ya ci, da 'yan gyare-gyare kamar kowa.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Yaya Sabi'u da ya rufe shagonsa saboda ni, da Hajiya Kande da tuwonta da faɗanta, da direban da ya cika alkawari. Ni dai abin da tafiyar ta bar mini shi ne, har yanzu ba na iya zama a taro ƙofa a rufe. Ana tsakiyar magana sai in ji kamar akwai mutum a tsaye a waje, in tashi in leƙa. Abokan aikina sun saba, har suna yi mini dariya. Yawanci ba kowa. Wani lokacin kuwa sai in tarar da ɗalibi, rungume da takardunsa, ya daɗe a wurin yana jin nauyin ƙwanƙwasawa.